Bokitin Mai Rufi da Gilasan Motar Auta

"To ni ce makauniyar ke nan, Baba? Ni ce ban ga abin da ke jikin gilashina ba?"

"Ni ban ce ke makauniya ce ba. Cewa na yi na wanke shi, kuma fes na bar shi. Har fuskata na gani a ciki."

"To fito ka sake duba fuskar taka yanzu."

Ina kicin ina dafa shayi, sai na rage wuta don kada ƙarar tafasa ta hana ni ji. Mai ɗaga muryar Auta ce, 'yarmu ta ƙarshe, wadda ke aikin gwajin jini a asibiti. Mai ba ta amsa kuwa ubanta ne, maigidana, wanda duk layinmu ke kira Mai Rufi, don tun yana saurayi aikinsa ke nan, hawa gidajen mutane yana buga kwano yana toshe yoyo. Abin da ya haɗa su kuma gilasan motarta ne, waɗanda kullum sai sun yi wani irin zane daga sama har ƙasa, layi-layi, ruwan ƙasa-ƙasa, kamar dodon koɗi ya yi yawo a kansu.

"Jiya shugabata na ɗauka," in ji Auta. "Ta jingina da taga, hannun farar rigarta ya fito da shati. Na ga kallon da ta yi wa rigar. Ga shi ko madubin gefe ba na gani sosai. Sabulu kake bari a jikin robar taga, Baba, ba ka ɗauraye shi."

"Ni? Ni ne ba na ɗauraya? Tambayi uwarki ruwan da nake kwarara wa motar nan."

"Kada ku sa ni a ciki," na ce daga kicin, alhali na matso har bakin labule.

"Ni dai na gama magana," Auta ta ce, ta ɗauki jakarta. "Daga ranar hutuna mai zuwa wajen masu wanki zan riƙa kai ta. Ka huta, Baba. Dama likita hutu ya ce ka yi."

Ta fita. Mai Rufi ya zauna a kujera ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana kallon ta kamar ita ta yi masa laifi. Ni kuwa gabana ya faɗi, shayi ya yi ta tafasa har ya zube.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane dalilin faɗuwar gabana. Bara Mai Rufi ya zamo daga kan tsani ya bugu a ƙugu. Da ya warke, 'ya'yansa suka haɗu suka ɗauke tsanin, suka ce shi da hawa sama har abada. Mutumin da ya saba kallon unguwa daga bisa, sai ga shi a falo daga safe har yamma. Ya zame mini inuwa. In na ajiye cokali ya tambayi dalilin da ya sa a nan na ajiye. In na yi shara ya nuna mini inda na tsallake. Mafi muni, ƙawata Matar Tela, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta daina shigowa. In ta zo da labari mai zafi, sai ta tarar da shi zaune tsakaninmu da rediyo a kunne, yana cewa, "Ku yi hirarku, ni ba na ji." Wa zai yi hira a haka? Wata da watanni ban san wa ya yi yaji ba, ban san wa ya dawo ba. Na rame, wallahi, har zobena ya soma juyawa a yatsa.

Ana cikin haka Auta ta sayi motarta, 'yar ƙarama, shuɗiya, wadda wani ya ɗan hau kafin ita. Ran da ta kawo ta, uban ya zagaye ta yana shafawa, ya ce, "Wankinta nawa ne." Ya tono wani bokitin ƙarfe da yake zuba ƙusoshi tun zamanin aikinsa, ya goge shi har yana ƙyalli, ya sayi soso, ya yanka tsohuwar rigarsa ya yi tsummoki. Da yake Auta sai bayan azahar take fita, sai ya zama kullum da hantsi yana waje, yana wanki yana gaisawa da masu wucewa, yana ba masu babur shawarar da ba su nema ba. Tafiyarsa ta miƙe, abincinsa ya ƙaru. Ni kuma da na ji ƙarar bokiti a bakin famfo, sai in ƙwanƙwasa katanga da muciya, Matar Tela ta zagayo ta ƙofar baya. Kowa ya samu lafiya.

To wannan bokitin ne Auta ke shirin ƙwacewa.

Washegari Mai Rufi ya fita da fushi, ya ce yau za a ga ɗauraya. Ya yi ta kamfatar ruwa yana sheƙa wa tagogin nan, yana bin bakin roba da butar ƙarfe yana tsiyayawa a hankali don ya tabbata ruwan ya shiga ko'ina. Har kwata ta cika. Da Auta ta dawo daga aiki, zanen ya fi na kullum. Ta ajiye makulli a tebur da ɗan ƙarfi.

Na ce a raina, in na bar wa mutanen nan biyu, za su kashe ni da zaman shiru. Kashegari na yafa mayafi na ce Auta ta sauke ni a kasuwa. Na shiga baya na zauna. Gilasai ƙal, ko ɗigo babu, tsakani da Allah tsohon ya iya wanki. Muka kama hanya, ta ƙure rediyo kamar yadda ta saba. A kwanar farko sai na ji wani abu ya ce cakal. Na dafe cikina, na zaci ni ce, don na sha shayi da yawa. A kwana ta biyu ya sake cewa cakal-cakal, kuma wannan karon na tabbata ba daga jikina ba ne.

"Kashe rediyon nan, Auta. Jarka kika ɗauko a but?"

"Wace jarka kuma, Inna?"

"To motarki ruwa ta sha. Ina jin sa yana kai da kawowa."

"Mai ne a tanki," ta ce, ta mayar da rediyonta.

Ban yi musu ba. A bakin kasuwa ta sauke gilashi za ta yi wa wani mai tura kura magana ya matsa, ta sake ɗagawa. A kan idona gilashin da ya sauka fes ya hau jage-jage, da layukan nan nasa. Ta yi tsaki ta ce, "Kin gani ko? Sabulun Baba." Na ce, "Uhm." Na sauka, ban sayi komai ba sai albasa, na hau babur na komo, kai-tsaye gidan Matar Tela.

Mu biyu muka tsara abin da za a yi, ni kuma na gabatar da shi a wajen cin abincin dare kamar yanzu ya faɗo mini.

"Ni dai a ganina," na ce, "bai kamata a kori ma'aikaci ba a yi masa shari'a ba. Ranar hutunki a raba motar nan biyu. Ke ki wanke ɓangaren direba yadda kike so, da abin da kike so. Ubanki ya wanke ɗaya ɓangaren. In nasa kaɗai ya yi zane, ni da kaina zan ɓoye bokitin."

"Wa zai yi alƙalanci?" in ji Mai Rufi. "Ke dai ban yarda da ke ba."

"Matar Tela."

Dukansu suka yarda, don kowa ya san idon Matar Tela. Matar da daga bakin ƙofa take hango ƙurar da ke bayan kabad ɗin mutum, ta kuma faɗa wa wanda bai tambaye ta ba.

Ranar ta zo. Auta ta fito da safar hannu irin ta wajen aikinsu, da wata kwalba mai feshi, da tsumma sabo dal a cikin ledarsa. Mai Rufi ya fito da bokitinsa da yankin tsohuwar riga. Matar Tela ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna a gaban mota da sababbin takalmanta, wai ita alƙali ba ya zuwa kotu da silifas. Tela ma ya leƙo daga shagonsa da tef ɗin awo a wuya. Mai shagon kusurwa ya bar ciniki ya tsaya daga nesa. Ban gayyaci kowa ba, mutum biyu kawai na faɗa wa.

Aka yi wanki aka gama. Matar Tela ta tashi ta zagaya, ta kanne ido ɗaya, ta hura wa gilashi iska ta goga da gefen mayafi.

"Duka biyun sun yi," ta ce. "Amma na Malam ya fi sheƙi, in za a faɗi gaskiya."

"Ba a nan take ba," na ce. "Auta, shiga ki sauke su duka, ki sake ɗagawa."

Ta shiga ta danna. Gilasai huɗu suka nutse, suka sake fitowa. Na uban jage-jage. Nata, da ta fesa wa abin kwalba ta goge da sabon tsumma, shi ma jage-jage, har ya fi, don wani baƙin layi ne ya ratsa shi tun daga sama.

Mai Rufi ya ajiye soso. Mutumin da ke cewa ƙugu ya hana shi sunkuyawa ya ɗauki abin da ya yar, sai ga shi yana taka rawa a bakin kwata, hannu ɗaya a sama.

"Sabulun Baba! Ina sabulun Baba a nan? Tela, zo ka gani da idonka! Ɓangaren likita ne wannan!"

Auta ta fito tana kallon gilashinta, kunya ta kama ta. "Ka yi haƙuri, Baba. Na ɗauki alhakinka. To amma daga ina yake fitowa?"

Sai na matsa na kama ƙofar baya, wadda na zauna kusa da ita ran kasuwa, na buɗe ta na shiga kaɗa ta gaba da baya. Cakal-cakal. Cakal-cakal. Kowa ya matso kusa. Tela ya sa kunne a jikin ƙofar ya ce, "Kai! Wannan ai kifi zai rayu a ciki." Aka gwada sauran ukun, duk haka.

"Ruwa a cikin ƙofa?" in ji Auta. "Ta ina ya shiga?"

"Ba ta ƙasa ba dai," Mai Rufi ya ce, yana gyara hula. "Wannan na tabbata. Ƙasa a rufe take ruf, ni na rufe ta da hannuna."

"Ka rufe me, Baba?"

Ya gyara murya, kamar wanda ya yi alheri a ɓoye aka matsa masa sai ya faɗa. Sannan ya ce tun wankin farko ya lura in ya gama, ƙofofin sai su yi ta ɗiga ta ƙasa. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta ya leƙa, sai ga huji a gindin kowace ƙofa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ya ce a ransa, an sayar wa yarinya mota mai huji. Ya ɗauko gwangwanin kwaltarsa ta aiki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya liƙe, ya shafe da yatsa yadda ko mai ita ba za ta gane ba.

"Ban faɗa miki ba don kada ranki ya ɓaci," ya ce. "Na ga yadda kike murna da ita. Na ce me zai sa ki ji an cuce ki, alhali ubanki na raye, kuma aikinsa ke nan? Tun ran nan ko ɗigo ba ta sake yi ba."

Auta ta tsuguna ta leƙa, ta shafa da yatsa. Ta ciro waya ta yi 'yan danne-danne, ta daɗe tana karantawa. Da ta ɗago, ba ta san ko dariya za ta yi ko kuka ba.

"Baba," ta ce a hankali, "da gangan aka yi hujin nan. Duk mota tana da su. Ruwan wanki da na sama yana bin gilashi ya wuce robar taga ya shiga cikin ƙofa, dole ne, ba a iya hana shi. Hujin nan ta nan yake fita. Da ka rufe, sai ya taru. Rana ta buga, ya yi gumi a ciki, robar ta jiƙe ba ta bushewa. Shi ya sa duk gilashin da ya sauka sai ya kwaso laka."

"Wane irin magini ne zai huda abu da gangan? Tun kafin a haife ki nake wannan aiki. Huji huji ne. Inda duk aka ga huji, ɓarna ce."

Da na yi shiru a nan, da an rabu lafiya. Amma maganar ta zo mini har bakin harshe, kuma mai daɗi ce, ina zan kai ta?

"Ashe dai indararo ka toshe, Malam," na ce.

Tela ya fara dariya, ya riƙe ciki ya jingina da mota. Matar Tela ta kwashe har da buga cinya. Mai shagon kusurwa bai ji ba, ya matso yana tambaya, aka maimaita masa, shi ma ya fashe. Ku da ba matan masu rufi ba ne, ba za ku san nauyin maganar ba. A wajensu ba abin kunya kamar a ce ka gama rufi ka toshe hanyar da ruwa zai sauka. Ko sabon shiga ba ya yin haka.

Mai Rufi bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, na ga maganar ta shige shi, don shi ma ya gane haka ne. Ya shiga gida ya fito da buhu da wani siririn ƙarfe mai tsini da guntun wayar ƙarfe. Auta ta ce ya bari ta yi, ya ce, "Matsa." Ya kwanta a gefen mota ya soma ƙwaƙulo kwaltar. Matar Tela ta matso ta tsaya a kansa don kada wani abu ya wuce ta. Hujin farko na buɗewa, ruwa ya yo tsartuwa, baƙi, mai wari kamar na tsohuwar randa, ya sauka shaa a kan sababbin takalmanta.

"Wayyo takalmana! Malam, da gayya ka yi!"

"Alƙali ai kusa da shaida yake tsayawa," in ji Tela, ta bi shi da harara.

Ya bi ƙofofin nan duka ya buɗe, ya zura waya ya sosa har laka ta daina fita. Ruwan da ya fito ya isa a yi wa yaro wanka. Auta ta karanto sauran daga waya, shi kuma ya yi ba tare da ya dube ta ba. Ya naɗe tsumma a jikin wata 'yar rula ta roba da Tela ya ara mana, ya zura tsakanin gilashi da robar taga yana ja daga wannan gefe zuwa wancan, tsumma na fitowa baƙi ƙirin, ya sake wani, har ya soma fitowa da haskensa. Sannan aka wangale ƙofofi huɗu aka bar ta a rana, kamar kaza ta baza fiffike. Kafin la'asar aka sauke gilashi aka ɗaga, sai ɗan danshi kaɗan. Bayan kwana biyu ko wannan babu.

Auta ta dawo daga aiki da murna, ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, ka ga gilashi kamar ba gilashi. Gobe ma sai ka wanke mini, amma an ce bayan wanki a bar su a ɗage sai sun bushe."

"Kai ta wajen masu wanki," ya ce.

"Haba Baba. Ai na ba ka haƙuri."

"Ba ke ba ce. Na ajiye."

Da gaske yake. Ya wanke bokitin ya kife shi a bayan ƙofar falo, ya ɗora soso a kai. Dalili kuwa, maganar indararo ta riga ta zaga layi. Ni dai mutum uku na ba labarin, su ma don sun tambaya ne. Amma ya fita sayen batirin rediyo, wani mai babur ya ɗaga masa hannu ya ce, "Sannu Mai Indararo!" Ya juyo gida ko batirin bai saya ba.

Muka koma gidan jiya. Da hantsi sai ya jawo kujera ya dasa a bakin kicin. Ya ce wuƙata ba ta da kaifi. Ya ce ina ɓarnar ashana. Abincinsa ya ragu, ya koma jan ƙafa, in ya tashi sai ya dafa bango. Motar kuwa ta yi butu-butu, don Auta ta rantse ba mai taɓa ta sai shi, har yaran layi suka soma zane a jikinta da yatsa. In ya wuce ta taga sai ya kau da kai, amma ina ganin sa yana satar kallon ta ta gefen labule.

Rannan Matar Tela ta zagayo ta baya, mayafi a karkace, tana haki. "Ƙawata, kin ji abin da surukar mai burodi ta yi kuwa? Wai jiya da rana tsaka ta..." Sai ta hango shi a kujera.

"Ku yi hirarku," ya ce. "Ni ba na ji."

"A'a, dama gishiri na zo nema," in ji ta. Ta karɓi gishirin da ba ta buƙata ta tafi, ta bar ni da rabin labari a maƙogwaro. Yinin ranar ban iya cin abinci ba. Auta ta lallashe shi, yayyenta suka bugo waya ɗaya bayan ɗaya, har Tela ya shigo ya ce shi wallahi ba da shi yake dariya ba, tari ne ya sarƙe shi. Duk a banza. Na gane lallashi ba zai tayar da mutumin nan ba.

Da safe, bayan an sha shayi, Auta na zaune tana guga, shi yana kujerarsa, na je bayan ƙofa na ɗauko bokitin. Na kawo shi tsakiyar falo na kife a kan tabarma. Na buɗe akwatin kayan aikinsa na zaɓo ƙusa mafi kauri da guduma. Na zauna na miƙe ƙafa, na kafa ƙusar a gindin bokiti.

"Me za ki yi da wannan?" ya ce.

"Huda shi zan yi."

"Ki huda me?"

"Bokiti mana. Na'a-na'a zan shuka a ciki, tunda ba mai amfani da shi. Kuma an ce shuka ba ta yi sai da huji a ƙasa, don ruwa ya samu hanyar fita. Ai yanzu duk mun yi ilimi, mun san huji abin arziki ne."

Auta ta dube ni, na kanne mata ido. Yarinyar nan jinina ce, nan take ta ɗauka.

"Inna, ɗaya ba zai isa ba," ta ce, tana ci gaba da gugarta. "Ki yi kamar biyar. Ki fara ta tsakiya."

"Bokitin nan," in ji Mai Rufi yana duban Auta, muryarsa na hawa, "tun kafin a yaye babban yayanki yake hannuna. Ko tsatsa bai taɓa yi ba. Cika shi ki ajiye, gobe ki zo ki same shi yadda kika bar shi."

"Shi ya sa na zaɓe shi," na ce. "Mai ƙarko ne, na'a-na'a za ta ji daɗi."

"Kuma ba haka ake riƙe guduma ba! A wuya kika riƙe ta kamar za ki yanka kaza."

"To ya ake yi? Haka?" Na ja hannu zuwa ƙarshen ƙota, na gyara zaman ƙusa, na ɗaga guduma sama har na ji kafaɗata ta amsa.

Ban san lokacin da ya baro kujera ba. Ba dafa bango, ba jan ƙafa. Sai ji na yi an fizge bokiti, ƙusa ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin kabad. Ya rungume shi a ƙirji, ya juya gindinsa yana dubawa a hasken taga, yana shafawa da babban yatsa.

"Ku biyun nan ba ku san darajar abin da ba ya yoyo ba," ya ce. "Na'a-na'a! A bokitina!"

"To me za a yi da shi, Malam? Ado?"

"Abin da aka saba yi da shi! Dubi motar yarinya yadda kuka bar ta, kamar an tono ta daga rami, mutane na wucewa suna cewa gidan ba kowa." Ya sunkuya ya suri soso, ya fizgi tsumma daga kan igiyar labule, ya nuna Auta da shi. "Ke kuma, in na gama, kada ki kuskura ki sauke mini gilashi sai ya bushe. Ko shugabar taki ce ta tsaya a hanya, ɗaga mata hannu ta ciki."

"To, Baba."

"In kuma mai babur ɗin nan ya sake kira na da sunan nan, da ruwan kumfa zan yi masa wanka."

"Ka dai bar hujin mutane yadda ka gan su," na ce.

"Ke dai Allah ya shirye ki, da furfurarki da komai!"

Ya saƙala bokiti a hannu, ya fice, ya maido ƙofar falo garam.